Shekara Bakwai Na Yi wa Baba Alkawari

Ranar da na gaya wa Baba cewa karatun likitan haƙori a Amurka shekara takwas ne, muna kicin ɗinmu a unguwar Bironks ta birnin Niyok. Ya dawo daga tuƙin tasi na dare, ko takalmi bai cire ba. Ya ajiye kofin shayi ya dube ni.

"Uwata, takwas kika ce? 'Yar gidan kawunki ba shida za ta yi ba?"

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Kuma tambayar tasa tana kan hanya. A Najeriya yaro yana gama sakandare zai rubuta JAMB da Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks, in Allah ya ba shi sa'a ya faɗa karatun haƙori kai tsaye, shekara shida ya fito da digirin BDS. Haka ƙanwata 'yar kawu ta yi a wata jami'a ta Arewa. A Amurka kuwa ba a shiga makarantar likitan haƙori daga sakandare. Sai ka fara yin digirin farko na shekara huɗu a duk fannin da ka ga dama, muddin ka haɗa da wasu darussan kimiyya da aka wajabta, sannan ka nemi gurbi a makarantar haƙori ka sake yin wasu huɗun. Wasu makarantun suna kiran digirin nasu DDS, wasu DMD, amma abu ɗaya ne, aiki ɗaya, lasisi ɗaya.

Baba ya ci bizar caca ne tun lokacin da ake barin 'yan Najeriya su shiga, ya yi shekaru shi kaɗai, sannan ya yi mana takardu muka biyo shi a 2014, ni da Umma da ƙannena uku. Na zo da shaidar gama sakandare ta Kano da Turancin da nake ganin ya isa, sai da na ji yaran Bironks suna magana na san da sauran aiki. Na shiga jami'a a 2015. Tun kafin mu baro gida na san haƙori nake so. Ina 'yar shekara tara na ga kakata ta wajen uwa ta yi mako biyu tana cusa kanumfari a ramin haƙori, kumatunta ya kumbura har ido ya shige, daga ƙarshe aka kai ta wajen wani mai cire haƙori a bakin kasuwa. Ni na riƙe mata mayafi. Ƙarar da ta yi ba ta bar kunnena ba har yau.

To, a wannan safiyar a kicin, ganin yadda fuskar Baba ta sauya, sai na ce masa, "Baba, akwai hanyar da za a yi a bakwai." Ban yi ƙarya ba. Na karanta da idona a shafukan makarantu da dama: mafi ƙarancin abin da ake bukata kafin shiga shi ne kiredit 90, wato karatun shekara uku, tunda cikakken digiri kan kai kiredit 120. A ƙasan wannan layin sukan ƙara da cewa sun fi son wanda ya kammala digiri. Ni dai layin farko na gani. Na biyun na karanta shi kamar yadda ake karanta gargaɗin da ke jikin kwalin magani.

Baba ya ce, "Allah ya sa albarka." Ya tashi ya je ya kwanta. Daga ranar shekara bakwai ta zama magana a gidanmu. Umma ta gaya wa Gwaggo a waya, Gwaggo ta gaya wa duk Kano.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda kalandar neman gurbin take. Ba a watan da za ka shiga ake nema ba. Akwai wata kafa guda da ake kira AADSAS, ta ƙungiyar makarantun haƙori ta Amurka, wadda ake cike takarda ɗaya ta aika wa duk makarantun da ka zaɓa, in ban da na gwamnatin jihar Teksas da ke da tasu kafar. Ana fara miƙa takardu ta cikinta wajen farkon Yuni, don shiga aji a watan Agusta na shekarar da ke biye. Wata goma sha huɗu ke nan tsakani. Ma'ana, wanda ke son shiga bayan shekara uku dole ya miƙa takardunsa a ƙarshen shekara ta biyu. A lokacin kiredit sittin da 'yan kai ne a hannunsa. Da waɗannan za a auna shi, kusa da wanda ya gama shekara uku, da wanda ya riga ya karɓi digiri, da wanda ma ya ƙara da digiri na biyu don ya gyara makinsa. Sai da na zo bakin ruwa na ga zurfinsa.

Matar da ke ba masu neman likitanci shawara a jami'armu ta yi mini hannunka mai sanda. Ta buɗe takardar sakamakona ta ce makina yana da kyau, amma me ya sa nake gudu? Na ce kuɗi. Ta ce ta fahimta, sannan ta tambaye ni awa nawa na yi ina kallon likitan haƙori yana aiki. Na ce ashirin da wani abu. Ta ce makarantu da yawa suna son su ga wajen ɗari. Ta tambaye ni ko na yi bayokemistiri. Ban yi ba. Farfesoshi nawa ne suka san ni sanin da za su rubuta mini wasiƙar shaida? Na ambaci biyu, ɗaya ma a aji mai ɗalibai fiye da ɗari biyu ya koyar da ni. Ta rufe fayil ɗin ta ce ba za ta hana ni ba. Na fito ina cewa a raina, wannan ba ta san abin da ake nufi da uba mai ciwon baya yana tuƙi awa goma sha biyu ba. Watakila da gaske ba ta sani ba. Amma ta san abin da ni ban sani ba.

Darussan da aka wajabta kusan iri ɗaya ne ko'ina: shekara guda ta bayoloji, shekara guda ta kemistiri, shekara guda ta oganik kemistiri, shekara guda ta fiziks, duka da aikin ɗakin gwaji, sai Turanci, wasu makarantun su ƙara da bayokemistiri ko ilmin ƙwayoyin cuta. Na cusa yawancinsu cikin shekara biyu. Oganik kemistiri na biyu na gama shi a watan Mayun 2017, ban huta ba na juya ga DAT.

DAT ita ce jarrabawar shiga, ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ke shirya ta, a kwamfuta ake yi, ta kan ci kusan awa biyar. Kashi huɗu ce. Na farko tambaya 100 cikin minti 90: arba'in bayoloji, talatin kemistiri, talatin oganik. Akwai karatun fahimta, akwai lissafi. Babu fiziks, abin da ya ba ni mamaki. Sai kuma kashin da ya fi ba ni wahala, wanda ban taɓa ganin irinsa a wata jarrabawa ba, na gwajin ido da ƙwaƙwalwa: tambaya 90 cikin awa guda. A nuna maka wani abu mai siffa a ce ta wace kafa zai iya wucewa. A jera kusurwa huɗu da suka yi kama kamar tagwaye a ce ka jera su daga ƙarama zuwa babba. A ninke takarda sau biyu ko uku a huda ta, a ce in an buɗe ina da ina ramukan za su fito. A tara tubala a ce nawa ne fenti ya taɓa gefensu biyu. Hikimar ita ce likitan haƙori yana aiki a wuri ƙarami, sau da yawa ta cikin madubi, inda dama ta zama hagu.

Azumin 2017 ya faɗo daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuni, lokacin da rana ta fi tsawo a Niyok. Muna kai awa goma sha shida ba ci ba sha. Nakan yi karatu daga bayan sahur zuwa hantsi, in yi barci kaɗan, in tashi in taya Umma girkin buɗa-baki, bayan tarawi in sake buɗe littafi idona yana rufewa. Mako shida na ba jarrabawar. Na rubuta a watan Yuli. A wancan lokacin ana gama danna tambayar ƙarshe ake miƙo maka takardar sakamako, kuma makin daga 1 zuwa 30 yake. Sun sauya ma'aunin a 2025, yanzu daga 200 zuwa 600 ne. Waɗanda ake ɗauka a shekarun nan matsakaicinsu yana wajen 20. Na samu 18. A gwajin ido 16.

Na tsaya a bakin titi da takardar a hannu. Mai hankali a nan zai tsaya. Doka a lokacin sai ka jira kwana 90 kafin ka sake rubutawa, wato sai Oktoba, alhali makarantun suna duba takardu ne bi da bi yadda suka iso, wanda ya riga ya riga. Na san 18 ba ta hana wanda ke da cikakken digiri shiga wata makarantar. Amma ni da nake roƙon a yi mini abin da ba a saba yi ba, kamata ya yi in zo da makin da zai sa a manta da shekaruna. Na zo da wanda bai kai na tsakiya ba. Duk da haka na miƙa. Na riga na yi alkawari, kuma Gwaggo ta riga ta gaya wa duk Kano.

Makarantu goma sha ɗaya na zaɓa, duk waɗanda suka rubuta cewa suna karɓar mai kiredit 90. Kuɗin jarrabawa ya haura dala 400. A lokacin kafar neman gurbi tana karɓar sama da dala 200 a makaranta ta farko, kusan dala 100 a kowace ƙari, sannan yawancin makarantun suna da nasu kuɗin na daban. Da aka haɗa ya doshi dala dubu biyu da ɗari biyar. Rabi daga adashin Umma ya fito, rabi daga aljihun Baba. Ya ba ni a ambulan, 'yan dala ashirin-ashirin da goma-goma, wasu sun yi laushi saboda yawan hannu.

Sai jira. Satumba ta wuce, Oktoba ta wuce. Abokan karatuna da suka girme ni da aji ɗaya suna ta sayen kwat suna tafiya ganawa. Ni imel biyu na samu masu cewa an gode, ba a samu dama ba. A Nuwamba makaranta guda ta kira ni ganawa. Na hau bas na dare na tafi. Mutum biyu ne suka zauna da ni, namiji da mace, kuma ba su ɓata lokaci ba. Matar ta ce ta ga ba zan kammala digiri ba kafin shiga, me ya sa? Na ba ta amsar da na haddace: na shirya, ina da himma, ba na son ɓata lokaci. Ta gyaɗa kai ta ce, to me shekara ta huɗu za ta rage ni da shi, in ban da lokaci? Na yi shiru. Gaskiyar ita ce kuɗi da kunya, kuma na ji nauyin faɗar ko ɗaya a cikinsu. Namijin ya tambaye ni abin da nake yi da hannuna. Na ce ina buga kwamfuta da sauri. Har yau in na tuna wannan amsa sai in rufe fuska.

A wancan zamanin 1 ga Disamba ce ranar da makarantu ke fara sanar da waɗanda suka ɗauka. A 2017 ta faɗo Juma'a. Na wuni da waya a hannu, har a aji. Ba ta yi ƙara ba. Bayan mako biyu saƙo ya zo cewa an sa ni a layin jira. Layin jira kuwa wata irin azaba ce mai ladabi: ba a ce maka e ba, ba a sallame ka ba. Na zauna a kai har Yuni. Babu wanda ya kira.

Abin da ya fi ci mini rai ba ƙin ɗaukar ba ne. Shekarata ta uku ce ta tafi a banza-banza. Jikina yana aji, raina yana akwatin imel. Makina a zangon farko ya sauka, karo na farko tun shigata. Na je neman rage shekara na kusa jawo wa kaina ƙarin wata shekarar.

Na gaya wa Baba a mota. Ya ɗauko ni daga tashar jirgin ƙasa, na zauna a baya kamar fasinja don kada mu haɗa ido. Da na gama ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Kuɗin dai sun tafi ke nan?" Na ce sun tafi. Ya ce, "To. Allah ya mayar da alheri. Badi kuma nawa ne?" Bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Gwaggo ce ta yi mana faɗan duka a waya: ita dama ta faɗa, 'ya mace a bar ta tana ta boko har yaushe, ga sa'o'inta da 'ya'ya bibbiyu. Umma ta ce mata, "Yaya, a dai yi mata addu'a," ta kashe wayar ta shiga ɗaki.

Sai bayan da ƙura ta lafa na fahimci cewa maganar "shiga kafin gama digiri" abu uku ne mabambanta, ni kuma na dama su wuri guda.

Akwai nema kafin gamawa. Wannan shi ne abin da kusan kowa ke yi: ka miƙa takardu a ƙarshen shekara ta uku, a yi maka ganawa kana shekara ta huɗu, a ba ka gurbi bisa sharaɗin ka kammala, ka karɓi digiri a Mayu ka shiga a Agusta. Babu wani abin mamaki a ciki, kuma rashin digiri a hannu ranar nema ba ya rage maka komai.

Akwai kuma shirin haɗin gwiwa, wanda tun daga sakandare ake shiga yawancinsa. Jami'a da makarantar haƙori sun riga sun yi yarjejeniya: yaro zai yi shekara uku, in ya riƙe makin da aka gindaya ya kuma ci DAT yadda ake so, kujerarsa tana jiransa, kuma sau da yawa shekararsa ta farko a makarantar haƙori ita za a lissafa ta cike masa digirin farko. Jami'ar Marquette da ta Detroit Mercy suna da irin wannan na shekara bakwai. Jami'ar Pacific a Kalifoniya ta fi kowa gaggawa: makarantar haƙorinta da ke San Faransisko shekara uku take yi ba huɗu ba, ba dogon hutu, har akwai tsarin da yaro zai yi biyu a jami'a uku a can, ya fito likita cikin biyar. Lokacin da ake cike waɗannan takardu ni ina Kano ina haddar bayoloji don JAMB. Ban ma san da su ba. Wannan ƙofar ta rufe kafin in sauka daga jirgi.

Na ukun shi ne nawa: ka zo daga waje, ba yarjejeniya, ba digiri, ka ce a ɗauke ka don dokar makaranta ta halatta. Ta halatta ɗin. Amma ka sa kanka a kujerar mai zaɓe. Masu nema sun ninka kujeru sau da yawa. Ga wanda ya nuna shekara uku ko huɗu na sakamako, har da manyan darussa irin su ilmin sassan jiki da na aikin gaɓoɓi, waɗanda su ne za su fara dukan ɗalibi a shekarar farko. Ga kuma ke da shekara biyu. In aka bar ki, badi za ki dawo kin fi haka. In aka bar shi, wata makarantar za ta ɗauke shi. Ba su yi asarar komai ba don sun ce ki jira. Layin kiredit 90 ɗin nan ma, a ganina, ragowar wani zamani ne. Makarantar haƙori ta farko a duniya an buɗe ta a Baltimo a 1840, kuma an daɗe ana shiga ba tare da karatun jami'a ba. Rahoton da William Gies ya fitar a 1926 shi ya ja hankali cewa a riƙa yin aƙalla shekara biyu a jami'a tukuna. Daga nan abin ya yi ta hawa a aikace har cikakken digiri ya zama al'ada, rubutun doka kuma ya tsaya a baya.

Akwai wani haɗarin da ban taɓa kawo shi a rai ba sai da wata 'yar ajinmu ta bar makarantar haƙori a shekara ta biyu saboda rashin lafiya. Ita tana da digirinta na bayoloji, ta samu aiki da shi. Wanda ya shigo ta hanyata, in haka ta same shi, zai fita da shekara biyar ta karatu da bashi mai nauyi, ba takarda ko ɗaya. Bashin kuwa ba na wasa ba ne: ɗalibin haƙori a Amurka kan fito da kusan dala dubu 300 a wuyansa. Mu da katin zama ya ba mu damar karɓar bashin gwamnatin tarayya. Wanda ya zo da bizar ɗalibi ba shi da wannan. Maganar kuɗin ruwan da ke kan bashin ta hana Baba barci, sai da ya je ya zauna da limamin masallacinmu sau biyu. Wannan wani labarin ne daban.

A farkon 2018 na koma wajen wani dattijon likita a unguwarmu, wanda yawancin masu zuwa wurinsa baƙi ne irinmu: 'yan Gana, 'yan Nijar, 'yan Gambiya, 'yan Dominika. Duk Asabar ina tsaye a bayansa. Da ya gane ina jin Hausa sai ya riƙa kirana in zo in yi tafinta. Wata tsohuwa 'yar zangon Kumasi ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, gaya masa kada ya cire, ya bar mini abina ko da rabi ne." Na gaya masa. Ya yi dariya, ya ceto haƙorin. A wannan ɗakin na ga abin da shekaru na cin goro ke yi wa haƙori, na kuma ga bakin dattawan da ba su taɓa riƙe buroshi ba sai asuwaki, dasashinsu lafiya ƙalau.

Shi ne ya lura da hannuna wata Asabar bayan wani biki. Ya tambayi wa ya yi mini zanen. Na ce ni na yi, ni ke yi wa amaren unguwa lalle tun ina sakandare, har na hannun dama da hagu nake zana wa kaina. Ya kama yatsuna ya duba siraran layukan ya ce, "Kin rubuta wannan a takardarki ta bara?" Na ce a'a. A takardar neman gurbin akwai wurin da ake tambayar aikin hannu, mutane suna rubuta kiɗan piyano da sassaƙa da zane. Ni ban ɗauki ƙunshi a bakin komai ba, abin mata ne na gida, na ga kamar in na rubuta za a yi mini dariya. Ya girgiza kai ya koma kan mara lafiyarsa.

Na sake DAT bayan wata huɗu ina shiri, kullum da safe rabin awa na gwajin ido kafin komai. Na samu 21, a gwajin ido 20. Na yi bayokemistiri. Na miƙa takardu a makon farko na Yunin 2018, ba a Agusta ba kamar bara. A bayanin kaina na rubuta kakata da kanumfarinta, na rubuta cutar noma, ba noman gona ba, wadda ke cin fuskar yara masu fama da yunwa, har akwai asibiti guda a Sakkwato da aka keɓe mata tun 1999. Na rubuta lalle. Makarantu tara na nema, biyar suka kira ni. A uku daga ciki an tambaye ni neman da na yi bara, domin suna gani. Na ce na yi gaggawa saboda ina son mahaifina ya daina tuƙin dare, kuma ban shirya ba. Ba wanda ya ƙara tambaya a kai. Litinin ta farko a Disamba waya ta yi ƙara tun kafin in fita daga gida. Kafin azahar ta sake yi.

Ba zan ce kowa ya jira ba. A ajinmu na makarantar haƙori akwai waɗanda suka shigo da shekara uku, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma in ban da mutum guda duk ta shirin haɗin gwiwa suka zo. Shi wannan gudan makinsa na DAT ya kai 24, bai taɓa faɗuwa ƙasa da A ba, kuma ya taso a asibitin haƙorin mahaifiyarsa. Ya ƙware sosai, ba abin da rashin shekara ta huɗu ya rage shi da shi. Ba kuma zan ce shekarar da na ƙara kyauta ce ba. Baba ne ya biya ta da bayansa. Sai dai in yarinya ta tambaye ni yau, nakan fara da tambayarta ajin da take. In tana sakandare, in ce ta nemi shirin haɗin gwiwa tun yanzu. In ta riga ta shiga jami'a, in ce ta rubuta DAT tukuna ta ga makin, kafin ta buɗe baki ta yi wa kowa alkawari a kicin.

Na karɓi digirin farko a Mayun 2019, wanda na so in tsallake. Shi Baba ya sa wa firam ya rataye a falo. Na gama makarantar haƙori a 2023, sannan na ƙara shekara guda ta horo a asibiti, don jihar Niyok ba ta ba da lasisi sai da ita. Ƙanwata 'yar kawu mai shekara shida, yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 da na 2022 da kullen korona suka ja nata karatun har muka kusa gamawa tare. Gwaggo ba ta taɓa tayar da wannan lissafin ba.

Baba ya bar tuƙin dare bara. Watanni kaɗan da suka wuce na samu na lallashe shi ya zo in duba masa wani haƙorin turmi da ya daɗe yana ɓoye mana. Ya zauna a kujera yana kallon fitila, na ɗaura masa ƙyalle a wuya, na sa safar hannu.

"Uwata, duka-duka shekara nawa aka yi?"

"Tara, Baba."

"Bakwai fa kika ce."

"Na ce. Buɗe bakin, Baba, kada ka yi magana."